Jitar da Gwaggo Ramatu Ba Ta Taɓa Ji Ba

A shagon Khalid mai lasifika, cikin Babbar Kasuwar Kaduna, akwai ƙusa ɗaya a bangon hagu, sama da inda ake jera makirufo. A jikinta aka rataye jitar Baba Datti tun daga Litinin, takwas ga Yuli, har zuwa Asabar, ashirin ga wata, a shekarar 2024. Jitar bes ce, irin mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda aikinta a cikin kiɗa shi ne riƙe murya ta ƙasa. Launinta ja ne mai duhu, kamar zoɓon da ya kwana. A kafaɗarta ta sama akwai wani wuri, bai fi faɗin ɓarin goro ba, inda fenti ya gushe, katako ya fito fari, ya yi santsi.

Khalid ya so ya shafe wurin da fenti, Baba Datti ya hana. Sai Khalid ya ce to a rubuto masa tarihinta ya ɗora a waya tare da hotuna, domin masu sayen irin wannan kaya suna son sanin hannun da ya riƙe shi. Baba Datti ya ce a kira ni. Matarsa, Gwaggo Ramatu, ƙanwar mahaifina ce, kuma a dangi an san ni akawu ne, ba na yar da takarda.

Shafi ɗaya Khalid ya buƙata, kuma na ba shi tun ranar Laraba. Sauran na ci gaba da shi ne don ban saba rufe fayil da gurbi a ciki ba. Na zauna da Baba Datti sau huɗu, da Gwaggo sau biyu, kowa shi kaɗai, duk bayan la'asar, a gidansu da ke Unguwar Kanawa. Damina ta zauna sosai a lokacin. Yakan zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, hannunsa ba komai, yatsunsa suna tafiya a kan gwiwarsa yana magana.

An haife shi a 1953, a cikin wannan gida. Mahaifinsa baduku ne, amma shi bai gaji fata ba, gyaran rediyo ya koya a wani shago da ke kan hanyar Mando. Wata ranar Alhamis a 1971, da rana tsaka, aka kira shi wani zauren taro a Kawo inda wata ƙungiyar makaɗa ke atisaye, amfilifayarsu ta ƙi tashi. Ya buɗe ta, ya tarar da waya ɗaya ta saki, ya liƙe ta. Yana durƙushe a gaban lasifika, wani tsohon soja da ke riƙe da bes ya taɓa tsirkiya ɗaya don ya gwada.

"Ba da kunne na ji ba," in ji Baba Datti. "Ta tafin ƙafa ya shigo. Kamar an buɗe wata ƙofa a ƙarƙashin ƙasa, wani abu mai ɗumi ya taso ya zauna mini a ciki. Akwai bokitin ruwa a bakin ƙofa, na ga ruwan ya yi tsikar jiki. Na manta da jakar kayan aikina a wurin, sai washegari na koma ɗauka. Ban tabbata mantuwa ce ba."

Sunan ƙungiyar Taurarin Kawo. Mutum tara ne, shugabansu Ɗahiru mai begila. Tsohon sojan ya koya wa Datti kiɗa, shi kuma yana gyara musu kaya. A 1975 tsohon ya ajiye, Datti ya ɗauka. Wannan jitar kuwa a hannun wani ɗan Ghana da zai koma gida ya same ta. A zama na farko ya ce mini 1979 ne, a zama na biyu ya ce 1978. Akwai hoto a cikin adakar Gwaggo, yana tsaye da ita a rataye, da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, kuma a bayan hoton mai ɗauka ya buga hatimin Maris 1978. Na bi hoton.

Abin da ya fi son ba da labarinsa shi ne rawar yammacin Lahadi. A buɗe ƙofofin zauren duka huɗu, fankoki suna juyawa a hankali, haske yana shigowa a kwance. Ga ma'aikatan jirgin ƙasa, ga malaman makaranta, ga samarin sojan sama daga Mando da takalmansu masu sheƙi, ga mata da ɗaurin kai iri-iri, kowa da yarensa. In ruwa ya sauko a kan rufin kwano sai Ɗahiru ya juyo ya ɗaga masa gira, shi kuma ya ƙara nauyin hannu, har ruwan sama ya zama kamar ɗaya daga cikin makaɗa. A can baya yake tsayawa, kusa da mai ganga, inda ba mai kallonsa.

"In aka juyo aka kalli mai bes, to ya yi kuskure," ya ce. "Begila ce ke ce wa mutane ku tashi. Ni nake gaya wa ƙafarsu inda za ta sauka. Nakan zaɓi ƙafa biyu a cikin taro, ban san mai su ba, in yi ta tafiya da su. In na tsaya su tsaya. In na jinkirta kaɗan sai ka ga ƙafar ta rataya a iska tana jirana."

Ba shi da na'urar saita murya. A ƙarshen layinsu akwai taransifoma, kuma ya lura kukanta bai taɓa canzawa ba. In zai fita sai ya tsaya a gindinta, ya ɗauki kukan a maƙogwaronsa, ya hau kekensa yana gunjinsa a hankali har Kawo, ba ya amsa gaisuwar kowa sai da hannu. Da wannan gunjin yake saita tsirkiyarsa, sauran makaɗa su saita nasu da tasa. Ya ce duk ranar da aka ɗauke wutar Unguwar Kanawa, Taurarin Kawo kan yi kiɗa a ɗan karkace, kuma ba wanda ya san dalili sai shi.

Gidansu katanga ɗaya ne da gidan kakana, Malam Abdulƙadir, wanda sunansa aka sa mini, shi ya sa Gwaggo ba ta kiran sunana, sai ta ce Abbana. Malam yana da makarantar allo a zaurensa. Da Datti ya aika neman auren Ramatu a 1981, unguwa ta gama yanke cewa ba za a ba makaɗi 'yar Malam ba. Amma ita ta riga ta gaya wa mahaifiyarta shi take so. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Shi kaɗai ne a layin nan da in ya wuce ba a jin hayaniya." Malam kuwa ya daɗe yana ganinsa a sahun asuba. Ya amince, da sharaɗi biyu, kuma a kan wannan bakinsu ya zo ɗaya, kalma da kalma. Kada sautin abin nan ya tsallako katanga ya shiga cikin karatu. Kada Ramatu ta taka inda ake rawa.

Saboda haka amfilifaya ba ta taɓa shiga gidan ba, a ɗakin ajiyar zauren Kawo take kwana. Bes kuma in ba a jona ta ba, ba ta da murya. Abin da ke fita bai wuce kukan ƙudan zuma da aka rufe a cikin gora ba. Don ya ji abin da yake kaɗawa, Datti yakan sunkuya ya ɗora haɓarsa a kafaɗar jitar, sautin ya bi katako ya shiga ƙashin kansa. Shi yana jin kogi, wanda ke zaune kusa da shi yana jin sauro. Farin wurin nan da Khalid ya so ya shafe, wurin haɓarsa ne.

Sai maganar tukunya. Tsirkiyar bes wuyar samu gare ta a Kaduna. In gumi da dauɗa sun cika ta, muryarta takan dushe, sai a kwance ta a dafa a ruwan zafi, ta dawo kamar sabuwa. Tun shekarar farko ta aure Gwaggo ta karɓe wannan aiki, don ta gan shi yana ɓarna da itacenta. Ta ware wata ƙaramar tukunyar silba da ba a taɓa dafa abinci a ciki ba. Takan naɗe tsirkiyoyin, ta sa su in ruwa ya tafasa, ta bar su gwargwadon lokacin da shinkafa ke ɗauka ta fara laushi, ta tsame, ta goge da tsumma, ta shanya su a igiya tsakanin zannuwanta. Taliyar Maigida take ce musu. Na tambaye ta sau nawa ta yi. Ta ce in lissafa da kaina, duk wata uku ne, shekara arba'in da uku.

Daga 1983 zuwa 1986 wani gidan rediyo yana sa Taurarin Kawo duk Asabar da hantsi. Malam bai hana rediyo ba, in dai an rage murya. Gwaggo takan shiga ɗaki da 'yar ƙaramar rediyonta mai batir biyu, ta manna ta a kunne. Tana jin begilar Ɗahiru, tana jin ganga, tana jin mawaƙi. Mijinta ne ba ta ji. Na tambayi Khalid, ya ce haka ne, lasifikar ƙaramar rediyo ba ta iya ɗaukar murya ta ƙasa, zubar da ita take yi. Gwaggo ba ta san wannan ba. In matan unguwa sun ce, "Ramatu, wanne ne na mijinki?" sai ta ce, "Wanda ke can ƙasa," kamar yadda ya gaya mata, ta canza magana.

"Na ɗauka don yana gyara musu kaya suke barinsa ya tsaya a baya da abarsa," ta ce mini, tana kallon ƙofa kada ya shigo. "Na ce mutanen kirki ne, ba sa son su kunyata shi. Ni ma sai na rufa masa asiri."

Ɗahiru ya rasu a 1993, ƙungiya ta watse. Zauren Kawo ya koma rumbun ajiye tayil. Malam ya rasu a 1998, makarantar ta koma wani layi, 'yan haya suka shiga gidan. Bayan rikicin shekarar 2000, da yawa daga masu ƙafafun nan da yake tafiya da su sun tsallaka kogi, ba su dawo ba. A 2002 aka kira shi wani situdiyo da ke yin waƙoƙin fim, ya yi wata uku. Ranar ƙarshe mai situdiyon ya nuna masa wani maɓalli a jikin fiyano.

"Ya danna, sai ga bes tana tafiya ita kaɗai," in ji Baba Datti. "Ba ta gajiya, ba ta kuskure, ba ta kallon ƙafar kowa. Na ce masa Allah ya sa albarka. Yaron kirki ne, har bakin titi ya rako ni."

Tun daga ranar ba a sake jona jitar da wuta ba. Ya koma gyaran rediyo da fanka. Amma kullum bayan la'asar yana gindin darbejiya, haɓa a kan katako, ido a rufe, kuma duk wata uku taliya tana kan igiya. Bara yatsu biyu na hannunsa na hagu suka fara ƙin lanƙwasa. Ya ce katako yana son hannu, kuma ba ya so ta kwanta a saman wardirob har ranar da za a zo share ɗakinsa. Shi ya sa ya kai ta kasuwa.

Tambaya ɗaya ce ta rage mini, kuma na yi wa kowannensu ita daban. Malam ya rasu shekara ashirin da shida da suka wuce, ba karatu a bayan katanga. Me ya hana a aro amfilifaya ko na yini ɗaya?

Baba Datti ya ce, "'Yar Malam ce fa. Ba ta taɓa cewa tana son ji ba. Tana dafa mini tsirkiya don mutunci, ba don tana son abin ba. Ba zan ɗora mata abin da mahaifinta ya ƙi ba. Amma ba na ɓoye maka, ita kaɗai ce ƙafar da ban taɓa tafiya da ita ba."

Gwaggo ta ce, "Na so mana. Har mafarki na sha yi, wai yana kaɗawa ina ji, in farka in manta yadda yake. Amma kullum ina ganinsa ya cusa kai a jikinta kamar mai jin kunya. Na ce in na matsa aka jona, na ji ba wani abu ba ne, ina zai sa fuskarsa?"

A ofishinmu ba a rufe bayani sai an karanta wa wanda ya ba da shi, ya ce haka ne ko ba haka ba. Ranar Alhamis, sha takwas ga wata, na je da littafin. Da safen ranar Khalid ya bugo waya ya ce an sami mai saye, zai zo ɗauka Asabar da azahar. Na tarar da su duka a tsakar gida, shi a kujerarsa, ita a tabarma tana tsintar shinkafa a faifai. Na yi niyyar in karanta wa kowa nasa daban, amma Gwaggo ta ce in zauna in karanta, ba baƙo a gidan. Na karanta daga farko, da taransifoma da bokitin ruwa da komai. Da na zo shafi biyun ƙarshe na rage murya, amma ban tsallake ba. Wani jirgi daga Mando ya ratsa ta sama, na jira ya wuce, na ƙarasa.

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin shinkafa.

"Don gyara suke barina?" in ji Baba Datti.

"To me zan ce, mai kiɗan sauro? Shekara uku kunnena yana manne da rediyo."

"Ni nake riƙe da sauran takwas ɗin nan duka."

"Da me? Da haɓa?"

Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan dariyar ta tsaya. Ya kalli inda ya saba jingine jitar a jikin bishiya.

"Jibi za a zo ɗauka, 'Yar Malam."

Ta ci gaba da tsintarta, ta fitar da tsakuwa ɗaya ta jefar.

"Abbana, rufe littafin nan," ta ce. "Hadari ya taso, ka kwaso mini shanya."

Ranar Asabar na isa da ƙarfe sha ɗaya don in raka Baba Datti kasuwa. Na tarar da Gwaggo a soro, cikin hijabinta na Sallah, da wata jaka a hannu.

"Ina zuwa?" ya ce.

"Kasuwa. Malam gidan rawa ya hana ni, bai hana ni kasuwa ba."

Ya koma ciki ya canza hula.

Muka shiga keke napep. Sama ta yi nauyi ta gabas, iska tana kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Da muka wuce taransifomar ƙarshen layi na ji Baba Datti ya fara gunji a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, kuma bai daina ba har muka sauka.

Babu wuta a layin su Khalid, janaretansa kuma yana wurin gyara. Mai sayen ya riga mu zuwa. Sunansa Ishaya, mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, daga ƙetaren kogi, shi ke kaɗa bes a cocinsu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida su. Ya ce sunan Taurarin Kawo da ya gani a waya ne ya kawo shi, mahaifinsa har ya rasu yana maganar rawar Lahadi. Maganar ciniki sun gama ta a waya da Khalid. Ya sauke jitar daga ƙusa, ya ɗaga ta ya bi wuyanta da ido ɗaya, ya taɓa tsirkiyoyin, suka yi ɗan kukansu na sauro. Ya shafa farin wurin da babban yatsa, bai tambaya ba.

"Ba sai an jona ba, Baba, na yarda da kai," ya ce. "Da babur na zo, ina so in tsallaka gada kafin ruwan nan."

Ya buɗe jakar jita. Baba Datti yana kallon ƙasa, gunjin ya tsaya. Na san ba zai yi magana ba, don bai saba tsayar da baƙo saboda buƙatar kansa ba. Ni ma na rasa ta inda zan shiga.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo daga kan benci, "a unguwarku haka ake sayen kayan wuta? Ko fitila ce ai sai an kunna."

"Mama, na yarda."

"Ni ban yarda ba. Ka tsallaka kogi ta ƙi magana, ka ce tsofaffi sun cuce ka. Khalid, a shagon nan kaya na fita ba gwaji?"

"Ba a taɓa yi ba, Hajiya," in ji Khalid. "Wutar ce dai."

"Wancan da ke ƙara a bayan shagonka, ruwa yake ba su?"

Khalid ya kalle ta, ya kalli Baba Datti, ya ɗauki doguwar waya ya fita wurin maƙwabcinsa mai janareta. Ishaya ya leƙa ya dubi sama. Ya dawo ya dubi Gwaggo, da hijabin Sallah a ranar da ba Sallah ba. Ya ajiye hular kwanonsa ya zauna.

Minti ashirin da biyu aka yi kafin wuta ta shigo. Khalid bai jona a ƙaramar lasifikar gwaji ba, babbar ya janyo, wadda ta kai ƙugun mutum. Ishaya ya miƙa wa Baba Datti jitar da hannu biyu.

"Hannunka ta sani, Baba."

Baba Datti ya zauna a kan wani akwati, ya ɗora ta a cinya. Ya yi gunjinsa, ya murɗa kunnen tsirkiya kaɗan tun ba a ƙara murya ba. Sai ya sunkuya zai ɗora haɓa.

"Ɗago kanka, Maigida," in ji Gwaggo. "Yau ba kai kaɗai za ka ji ba."

Ya ɗago. Khalid ya murɗa maɓalli.

Ni ma ban taɓa ji ba, kuma sai a lokacin na lura. Sautin bai fito daga lasifika ba, kamar daga daɓen shagon ya taso. A hankali yake tafiya, da yatsu biyun da suka rage masa, taku ɗaya, a tsaya, taku biyu, kamar mutum mai nauyi yana ratsa ruwa zuwa gwiwa. Gilashin kanta ya fara rawa. Shayin Khalid ya yi tsikar jiki a cikin kofi. Makirufo da ke jere a bango suka riƙa taɓa juna. A waje wani mai turin baro ya rage tafiya, na ga ƙafarsa ta rataya a iska kafin ta sauka. Sai ruwa ya fara, ɗigo-ɗigo a kan rufin kwano, Baba Datti ya ƙara nauyin hannu ba tare da ya buɗe ido ba. Na ɗan lokaci shagon ya zama mini kamar yana da ƙofa huɗu, duk a buɗe.

Gwaggo ta dafe ƙirjinta. Daga nan ta sunkuya ta zare takalmanta, ta ajiye su gefe, ta shimfiɗa tafin ƙafarta a kan siminti. Babban yatsanta na dama ya ɗaga, ya jira, ya sauka. Baba Datti ya buɗe ido a daidai lokacin, kuma ba fuskarta ya kalla ba.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ban duba agogo ba, kuma wannan ne gurbin da ya rage a littafina. Ya bar tsirkiya ta ƙarshe ta mutu da kanta, sai ƙarar ruwa da ta janareta suka dawo.

"Wannan ai na san shi," in ji Gwaggo. "Shi kake yi in hadari ya taso."

"Shi ne."

"Ashe haka yake da girma." Ta goge ido da bakin hijabi. "Na ɗauka irin dukan nan ne na motocin yara, mai sa ciwon kai. Wannan magana yake yi."

"Sauron ne dai, 'Yar Malam."

"Sauron ne," ta ce.

Ya zare wayar da kansa, ya goge wuyan jitar da hannun rigarsa, ya miƙa wa Ishaya. Gwaggo ta buɗe jakarta ta fito da ƙaramar tukunyar silba, gindinta baƙi, cikinta fes.

"Ungo. Duk wata uku. Sai ruwa ya tafasa ka sa, kada ka bar su su taɓa gindi. Ka goge kafin ka shanya, in ba haka ba tsatsa. Kuma kada matarka ta dafa komai a ciki."

"Ban yi aure ba tukuna, Mama."

"Da wannan furfurar a gemu? To in ka yi, ka jona mata ta ji tun makon farko."

Ishaya ya karɓa yana dariya. Bai tafi ba sai da ruwa ya tsagaita. Khalid ya naɗe masa jakar da leda, ya goya ta a baya, tukunyar tana lilo a hannun babur. Mun tsaya a bakin shago har ya sha kwana.

Washegari Lahadi na koma bayan la'asar don in cike ranar Asabar a littafi. Baba Datti yana gindin darbejiya, hannuwansa a kan gwiwa, ba sa motsi. Gwaggo tana kwashe shanya, tana wani gunji a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, taku ɗaya, a tsaya, taku biyu. Ya saurara har ta kai tsakiya.

"A nan sauka ake yi, ba hawa ba," ya ce.

"A kasuwa hawa ka yi."

"Yatsa ne ya ƙi."

"To ni wanda na ji zan yi," ta ce, ta ninke zane ta ɗora a kafaɗa, ta ci gaba daga inda ta tsaya.